Sodangi da Albarushi Mai Hali Ɗaya

Yayana Sodangi ya shekara talatin da ɗaya yana harba bindiga, kuma har yau ko ƙadangare bai taɓa kashewa ba. Ba gori nake yi masa ba, sana'ar ce haka. Ni ce ƙanwarsa Habiba, mai zoɓo da ƙanƙara a Runjin Sambo, kuma in akwai wanda ya sha wuyar bindigar nan bayan kafaɗarsa, to ni ce.

A Ƙofar Marke aka haife mu. Babanmu maharbi ne na gaske, irin wanda kan shiga daji ya kwana bakwai ya dawo da gada a kafaɗa. Da ya rasu ya bar wa Sodangi bindigar toka, doguwa, mai ɗaurin waya a gindi, amma bai bar masa daji ba. Kafin Yaya ya iya riƙe ta da kyau, duk inda Baba ke farauta ya koma gona ko gidan mai. Ya taɓa ɗinkin hula, ya taɓa sayar da albasa, duk bai daɗe ba, don mai saye na tsaye shi yana can yana goge bindiga.

Jan baki ne suka ba shi sana'a. Wanda bai san su ba, tsuntsaye ne 'yan mitsi-mitsi, ɗaya bai cika tafin hannu ba, amma in suka taso dubu-dubu suka sauka a gonar shinkafa, kafin ka idar da alwala sun gama da kai. Alhaji Arzika, mai babbar gonar noman rani a fadama, shi ya ɗauki Yaya. Daga sanda shinkafa ta fara nono har a yanke ta, wajen mako uku, Yaya na bakin gona. Tsuntsu ya taso, ya ɗura albarushi, ya tura tsumma, babu harsashi babu komai, ya harba sama. Ƙarar kawai ake so. In an yi girbi a kai masa buhunan shinkafa gida, da su matarsa Saudatu ke tuƙa tuwo har shekara ta zagayo.

To, ga inda ciwon Yaya yake. Shinkafar rani tana nuna ne a tsakiyar zafi, kuma kowa ya san zafin garin nan ba ya wasa. Jan baki sau biyu suke zuwa: da sassafe, lokacin da raɓa ta jiƙa fadama har mutum ya ji ɗan sanyi, sai kuma bayan la'asar, sanda ƙarfe ke ƙona hannu. Awon albarushin Yaya ɗaya ne safe da yamma, murfin kwalbar turaren Baba. Amma da safe in ya ja kunama sai bindiga ta ce fus, kamar tsoho ya yi tari. Da la'asar kuwa, awon nan dai, sai ta yi tsawar da za ta watsar da shi a ƙasa. Wata ran ma ta juya masa lissafi, ta yi tsawar da safe.

Yana da ma'auninsa, wanda ban taɓa jin wani mai hankali ya yi irinsa ba. Yakan ja layi a ƙasa da babban yatsa, ya tsaya a kai, ya harba, sannan ya ƙirga taku nawa ta tura shi baya. Da safe rabin taku. Da yamma taku uku da zama. Zaman nan ba na ganin dama ba ne.

"Habiba," yakan ce mini, "albarushi kamar mutum shi ke. Akwai mai hushin rana, akwai mai sanyin jiki. Ni mai hali ɗaya ni ka nema, wanda in ka gaishe shi da sahe ka gaishe shi da marece, murya guda za shi amsa maka."

Ni kuwa in ce, "Yaya, ko cikin mutane ba ka samu ba, balle cikin toka."

A wurin Mode yake sayen albarushi, abokinsa tun na yarinta, mai 'yar rumfa a Ƙofar Marke inda yake sayar wa maharba da 'yan sintiri. Shekara talatin da ɗaya yana saye yana zagin kayan, Mode na miƙo masa yana ramawa.

Bara ne abin ya kai inda ya kai. Alhaji Arzika ya kawo surukinsa ya ga gona. Da safe suna tsaye Yaya ya harba, bindiga ta yi tarin nan nata, surukin ya waiga ya ce wa Alhaji, "Wa yay yi atishawa?" Alhaji ya haɗiye wannan. Da la'asar suna zaune a rumfa, Alhaji ya ɗaga ƙwaryar fura zuwa baki, Yaya ya harba. Fura ta bi gemu, ta bi wuyan riga, ta gangara har aljihu. Surukin kuwa sai a bayan injin ban ruwa aka same shi, takalmi ɗaya a ƙafa. Yaya kansa yana zaune cikin magudanar ruwa.

Alhaji bai ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi muni. Ya ce, "Malam Sodangi, na gaji. Da sahe ba ta korar ƙuda, da marece tana neman raina. Ko bindigag ga ta san abin da ta ka yi, ko in sayi raga in ruhe gonata in huta. An ce mani ragar ba ta da tsada."

Raga na nufin Yaya ya gama. Ba shinkafa a gidansa, ba dalilin fita da bindigar Baba. Da ya zo yana gaya mini, hularsa na hannu yana murzawa, wallahi sai da tausayinsa ya kama ni. Da na san abin da ke tafe da na adana tausayina.

Washegari ya fita neman albarushi. Ya karɓo na wani mutumin Ƙonni, ya karɓo na wani tsohon maharbi a Gidan Dare, Malam Gazali, ya haɗa da na Mode, iri uku ke nan. Ya ce zai yi musu jarrabawa: kowanne a raba shi biyu, rabi ya sha sanyi, rabi ya sha zafi, a ga wanda ba zai sake hali ba. Saudatu ta ce ba a gidanta ba, don ta taɓa rasa gira ɗaya a kan irin wannan. Sai ya tuna yana da ƙanwa mai firiza.

Bai tambaye ni ba. Ina can wajen suna, ya shigo ya cusa ƙunshi uku a tsakanin ƙullin zoɓona. Da yamma wata mai sayen kayana ta dawo da ƙulli a hannu ta ce, "Habiba, zoɓonki na warin ashana." Na ce ƙarya take, har muka yi cacar baki a ƙofar gida, na ce ta tafi da hancinta asibiti. Da na buɗe firiza na ga baƙin ƙunshi, na ɗauka sammu aka yi mini. Na tara maƙwabta, na fara lissafa waɗanda ba sa son ci gabana, na kai mutum huɗu da sunansu, sai ga Yaya ya yi sallama yana tambaya ko kayansa sun yi sanyi.

Ban zage shi ba, don yayana ne. Amma na faɗi duk abin da ke maƙwabtaka da zagi.

Shi ko a jikinsa. Ya kwashe ƙunshinsa, kafin ya kai fadama sun yi gumi sun jiƙe, duka ukun suka ƙi tashi. Ya dawo ya ce firizata ce ba ta da adalci, sanyinta ba irin na Allah ba ne. Sai ya koma gindin randata, ya ce nan ne sanyin ya yi daidai da na raɓa. Na zafin kuma ya ce kwanon rufin ɗakina ya fi na kowa ɗaukar rana. Da azahar tsaka dattijo mai furfura ya kafa tsani ya hau, ba takalmi. Ina daga ciki na ji ana rawa a kaina. Na fito na tarar da shi yana ɗaga ƙafa ɗaya yana sauke ɗaya, yana salati, ya rasa inda zai taka. Da ya ga ba dama sai ya zauna, kwanon ya tashe shi da hanzarin da ban san yana da shi ba. Mutanen layinmu suka fito kallo, wani mai keke ya tsaya har fasinjojinsa suka sauko.

Na ce, "Yaya, don girman Allah sauko, ina da 'ya'yan da za a zo neman aure!"

Ya ce, "Riƙe mani tsanin, ke dai."

Kai kayan fadama ma wani aiki ne. A zamanin nan bindiga ba abin wasa ba ce, don haka a tabarma yake naɗe ta, takardarsa ta ƙungiyar maharba na aljihun gaba. Na sanyin ya sa a kular abincina da jiƙaƙƙen tsumma a kewaye, na zafin ya sa a filas ɗin shayina. Duka biyun bai tambaya ba. Sai da na bi shi fadama, ba don son kallo ba, don in dawo da kayana.

Kwana huɗu aka yi ana jarrabawa. Ya ja layi, ya tsaya, ya harba, ya ƙirga, ni kuma ya naɗa ni shaida ba da yardata ba. Na Ƙonni da sanyi taku ɗaya, da zafi taku huɗu har hula ta tashi. Na Mode da sanyi bai ko motsa shi ba, da zafi ya kai shi cikin shinkafa, a harbi na biyu kuma ya yi shiru har Yaya ya fara sauke bindiga sannan ya tashi. A kwanakin nan tsuntsu ko ɗaya bai sauka ba. Suna can nesa suna kewaya, sun rasa gane abin da ke faruwa a gonar Alhaji.

Sai aka zo kan na Malam Gazali. Da sanyi taku ɗaya. Da zafi taku ɗaya. Yaya ya sake, taku ɗaya. Ya bar shi a rana har la'asar, taku ɗaya, ƙara iri ɗaya, dum, mai kauri mai natsuwa. Ya tsaya yana kallon sawun ƙafarsa a ƙasa, sai na ga idonsa ya kawo ruwa.

Ya ce, "Habiba, na same shi. Da Baba na da rai."

Na yi masa murna har cikin raina, ban ɓoye ba. Da a nan ya tsaya da lafiya lau. Amma a ranar ya ɗauki ragowar albarushin Mode ya tafi Ƙofar Marke, ya dire shi a gaban rumfa, mutane na zaune, ya yi jawabi. Ya ce shekara talatin da ɗaya ana sayar masa da mahaukaci a ƙunshi. Ya ce daga yau ko kyauta aka ba shi ba ya so, a ba masu toya masa su hura wuta. Mode ya ce Allah ya raka taki gona, kuma in ya sake ganin ƙafarsa a rumfar nan zai sa a yi masa guɗa.

Yaya ya koma aiki da sabon albarushi da sabon girman kai. Tunda yanzu kayansa na da tsari, ya ce shi ma zai yi tsari. Ya ɗaura tsohon agogo, ya ce harbi sai bayan kowane minti ashirin, ba gaba ba baya, kuma daga wuri ɗaya, gindin rumfa. Alhaji Arzika ya zo ya ji, ya sha furarsa lafiya har ya side ludayi, ya ce yanzu ne aka san ana aiki.

Ranar farko jan baki suka gudu. Rana ta biyu suka gudu suka dawo da wuri. Rana ta uku in ya harba sai su ɗan ɗaga sama su koma inda suke. Ranar da na kai masa abinci, ta biyar ke nan, na ga abin da idona. Ya duba agogo, ya gyara tsayuwa, kafin ya kai hannu ga kunama tsuntsayen sun riga sun ɗaga. Dum. Suka sauka suka ci gaba da ci. Wasu ma ba su wahalar da fukafukansu ba. Guda ɗaya yana kan rumfar, saitin kansa, yana share baki a jikin kara.

Gefen gonar na gabas ya riga ya yi fari, zangarniya ta koma ƙaiƙayi. Alhaji ya zo ya zagaya, hannu a baya. Ya ce, "Malam Sodangi, bindiga ta gyaru, shinkafa ta tahi. Gobe Alhamis. In Juma'a ta yi haka, mai raga na zuwa."

Da ya tafi Yaya ya zauna bai taɓa abincin ba. Ya ce shi bai gane ba. Ƙarar ta fi ta da kyau, awo daidai, lokaci daidai. Ko dai jan bakin bana kurame ne?

Ni kuwa kajina ne suka faɗo mini a rai. Kowa a Runjin Sambo ya san muryata. Tun safe nake faɗa har magariba, kuma murya ɗaya ce, ba ta hawa ba ta sauka. Ina tsaye ina kora, kazata na cikin kwanon tsakina tana kallona da ido ɗaya. Amma maƙwabciyata Balkisu, wadda sai a yi wata ba a ji bakinta ba, in ta ce kit sau ɗaya, har zakara sai ya haura katanga.

Na ce, "Yaya, tsuntsayen ga sun san ka. Sun san ƙarar, sun san lokacin, sun san ba abin da ka biyo baya. Da can kai kanka ba ka san mi za ta yi ba, ina su za su sani? Na Mode su ka tsoro."

Ya kalle ni kamar na ce ya bar salla. Ya ce in ɗauki kwanona in tafi, harkar maharba ba ta masu zoɓo ba ce. Na ɗauki kwanona, amma na gaya masa in raga ta zo, kada a aiko mini Saudatu da ƙwarya.

Ranar Alhamis bayan azahar sai ga shi a ƙofar gidana, ya sa rigarsa ta Juma'a. Ya ce in raka shi Ƙofar Marke. Ban tambaye shi wurin wa ba. Muka tarar da Mode a rumfa da mutanen nan dai na ranar jawabi, kamar an aika musu goron gayyata. Yaya ya yi sallama, ya gaida kowa ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi iyali, ya tambayi zafi, ya koma kan iyali. Mode na amsawa yana sakace haƙori.

Daga ƙarshe Yaya ya ce, a hankali, "Ba ni wancan."

"Wane?"

"Ka sani."

"Ban sani ba. Ina da lalle, ina da jar kanwa, ina da igiya."

Yaya ya ce, "Mahaukacin."

Mode ya juyo wajena. "Habiba, kin iya guɗa?"

Na iya, kuma Allah ya gani na so in yi. Amma na dubi ƙeyar Yaya, duk ta jiƙe da gumi, sai na ce maƙogwarona na ciwo. Mode ya yi dariyarsa har ya gaji, sannan ya shiga ciki ya fito da ƙunshi. Ya ce wannan tun damina yake ajiye, shi kansa ba zai rantse a kan halinsa ba.

Ranar Juma'a da sassafe ina fadama, Alhaji na nan, mai raga ma ya zo da igiyar awonsa. Jan baki suka taso suka rufe gabas. Yaya ya cire agogo ya sa a aljihu, ya ɗura, ya harba. Fus. Mai raga ya yi dariya. Tsuntsayen da suka ɗaga suna jiran dum sai suka rikice, suka tsaya a sama ba su sauka ba. Ya sake ɗurawa, ya ja kunama, shiru. Ya jira, shiru. Mai raga ya buɗe baki zai yi magana, sai duniya ta tsage. Taku huɗu da zama da mirginawa. Da hayaƙi ya washe, babu tsuntsu ko ɗaya daga nan har bakin gulbi, mai raga kuma yana tattara igiyarsa daga cikin taɓo.

Alhaji ya daɗe yana kallon sama. Sannan ya ce wa mai raga ya je, za a neme shi. Ya ce wa Yaya ya ci gaba, amma don Allah in zai harba ya riƙa ɗaga hannu, mai fura ya ajiye.

Na zaci Yaya zai yi murna. A hanyar dawowa cikin keke sai ya kafa wa bindiga ido, tana naɗe a kan cinyarsa. Sai da muka sauka ƙofar gidana ya tsaya, ya ce, "Habiba, ashe shekara talatin da ɗaya ba iyawata ka ciyar da ni ba. Rashin iyawata na. Ranar da niy iya, ranar anka so korata."

Abin ya soke ni ƙwarai. Na dube shi, tsoho, rigar Juma'a duk taɓo, kafaɗar dama ta fi ta hagu sauka.

Na ce, "Yaya, kawo mani mutum ɗaya cikin garin ga da za shi ɗora abin nan ga kahwaɗa, bai san ko tari za ta yi ko kashe shi za ta yi ba, ya ja, kuma gobe ya dawo ya sake ja. Mutum ɗaya. Mode da ka saida albarushin ko kusa ba ya tsayawa."

Ya taɓa kafaɗar, ya ɗan yamutsa fuska.

Ya ce, "To ɗora mani ruwan zahi in gasa ta. La'asar na zuwa, kuma yau da rana."